Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tsuntsayen Ruwa Suna Cikin Tashi

Teku tana nesa da Garwa da Njamena, amma dangin tsuntsayenta suna nan tare da mu. Wanda ya tsaya da sassafe a bakin kogin Shari ko na Logon, ko a kan madatsar Maga da aka gina a 1979 domin noman shinkafa, ko a tafkin Lagdo mai nisan kimanin kilomita 50 daga Garwa, zai ga wasu fararen tsuntsaye masu siraran fikafikai suna shawagi, suna saukowa su tsinci abinci a fuskar ruwa. Su ne littattafan Faransanci ke kira sterne da guifette da mouette. Da yawansu 'yan ci-rani ne daga Turai da Asiya, suna isowa bayan damina ta ɗauke, su koma wajen Maris ko Afrilu. Ga kuma 'yan gida: kwasakwasa, zalɓe, balbela, jinjimi, dinya, kirinjijiya da gauraka.

Ɗaukar su a zaune ba wuya. A sama aikin yake. Tsuntsu mai wucewa sakan uku ko huɗu yake ba ka, kuma a cikinsu babu damar shiga menu kana lalube. Duk wata shawara, tun daga inda za ka tsaya har lambobin da ke kan kyamara, sai ka gama yanke ta kafin ya ɓullo.

Gaɓar da za ka tsaya

Abu biyu kake so a bayanka, rana da iska. Rana a baya domin haske ya faɗa a fuskar tsuntsu, ɗigon nan mai ƙyalli ya fito a idonsa. Iska kuwa saboda tsuntsu, musamman mai nauyi, ita yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka. In tana kaɗa ƙeyarka, zai taho yana kallonka, kuma gudunsa zai ragu domin yana kokawa da ita. In fuskarka take bugu, wutsiya za ka yini kana ɗauka.

Yanayin ƙasarmu ya sauƙaƙa wannan lissafi. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, rana kuma ta ɓangaren gabas take fitowa, to safiya ce taka: tsaya gabas da ruwa ka fuskanci yamma. Da damina iskar takan juya ta taho daga kudu maso yamma, sai bayan la'asar ya fi daɗi, ka tsaya yamma da ruwa ka fuskanci gabas. Logon arewa ya nufa, Chadi na gaɓarsa ta gabas, Kamaru na ta yamma. Saboda haka mutumin Kuseri ko Yagwa da ya tsaya bakin kogi da safe, rana ce za ta cika masa ido. Gara ya nemi inda kogin ya yi lanƙwasa, ko wani tafki ko fadamar shinkafa da ke yamma da shi.

Inuwarka ce ma'auni. Inda ta miƙa, nan ne filin ɗaukarka, da ɗan abin da ke dama da hagunta. Tsuntsu ya fita daga wannan fili, ɗage yatsa, domin rabin jikinsa ya riga ya shiga inuwa.

A watan Disamba rana na fitowa jim kaɗan bayan ƙarfe shida. Daga nan zuwa tara ne lokacin aiki. Bayan haka rana ta hau, ƙarƙashin fiffike ya yi baƙi ƙirin, ga kuma kawalwalniya. Zafin da ke tashi daga yashi da tabo yana sa iska rawa, lensi mai jawo nesa kuma yana ƙara girman rawar. Hoto zai fito kamar an leƙa ta cikin ruwa, kuma babu saitin da ke maganin wannan sai matsawa kusa ko dawowa gobe. Hazo maras kauri yana da amfani, yana tausasa rana a kan farin gashi. In ya yi kauri, kada ka ɗauki abin da ya wuce mita 20, domin ƙurar da ke tsakaninku za ta shanye launi.

Wuri mafi albarka ga mai farawa shi ne inda masunta ke sauke kifi suna gyarawa. Tsuntsayen can sun saba da mutane, suna kuma maimaita hanya ɗaya. Ka ba su minti goma kana kallo kawai, za ka gane ta ina suke shigowa.

Kayan aiki

Lensi ya fi jikin kyamara muhimmanci. Da milimita ake auna yadda lensi ke jawo nesa: 300 shi ne mafi ƙaranci, 400 zuwa 600 ya fi dacewa. Masu zuƙowa irin 100-400, 150-600 na Sigma da Tamron, 200-500 na Nikon da 200-600 na Sony duk suna aikin. Sensa ita ce farantin da hoto ke sauka a kai a cikin kyamara. Kyamara mai ƙaramar sensa, wato APS-C, tana matso da abu: lensin 400 a kanta yana nuna abin da 600 zai nuna a kan babbar sensa, ko 640 in Canon ce. Ka tanadi batir biyu da katin memori mai sauri, mai alamar V60 ko V90 in kyamararka na karɓar UHS-II. Sanda mai ƙafa uku ba dole ba ce, takan ma hana ka juyawa. Ka sa kaya masu launin ƙasa, ka bar farar riga a gida. Murfin gaban lensi mai kama da mazurari ya zauna a kai kullum, yana tare hasken gefe da feshin ruwa.

Saurin ƙyaftawa

Kyamara tana buɗe ido ta rufe, tsawon lokacin da ta yi a buɗe shi ne lambar da kake gani kamar 1/500 ko 1/2000 na sakan. Wannan lamba ake fara kafawa, sauran su bi ta. Murza zuwa harafin M, inda kai ke saita komai da hannu, ka sa 1/2000. Da ita za ka tsayar da yawancin tsuntsayen ruwa.

Daga nan girman tsuntsu ne ke sa a ƙara ko a rage. Kwasakwasa, zalɓe da gauraka suna kaɗa fiffike a hankali, 1/1250 ko 1/1600 ya ishe su. Dinya da kirinjijiya suna son 1/2000 zuwa 1/2500. Ƙananan fararen nan masu juyi kwatsam, da tsuntsun nan mai fari da baƙi da ke tsayawa cak a iska kafin ya faɗa ruwa da baki, sai 1/3200 ko 1/4000, musamman in kana son ɗigon ruwa ya tsaya ɗaya-ɗaya. Kusanci ma yana da tasiri: tsuntsun da ya cika hoto yana ratsa sensa da sauri fiye da na nesa, to ƙara masa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rage wannan lamba saboda tsoron ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske, wadda in ta yi yawa take sa shi yashi-yashi. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana gyara shi a kwamfuta. Wanda ya goge saboda motsi ya tafi ke nan.

Ƙofar haske da ISO

Lambar f ita ce faɗin ƙofar da haske ke shiga. Ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Da sanyin safiya buɗe ta iyakarta, f/5.6 ko f/6.3. Rana ta yi ƙarfi, mayar da ita f/7.1 ko f/8, inda yawancin lensi masu zuƙowa suka fi kaifi. Akwai wani dalilin kuma. Da lensin 500 a kan babbar sensa, tsuntsu na nisan mita 20, zurfin wurin da ke fitowa tas a f/5.6 bai wuce rabin mita da kaɗan ba, a f/8 kuwa ya kai kusan santimita 75. Kwasakwasa in ya buɗe fikafikai yakan kai mita uku. Ba za ka samu duka ba, shi ya sa ido ake nema. In ido ya fito tas, ba mai damuwa da ƙarshen fiffike. Kada ka wuce f/11, za ka yi asarar haske, kuma duk ƙurar da ke kan sensa za ta bayyana a sararin sama.

ISO shi ke cike giɓi. Ka riƙe wannan lissafi: daga 1/1000 zuwa 1/2000 haske ya ragu rabi, sai ka ninka ISO, daga 400 zuwa 800. Wannan shi ake kira mataki ɗaya, a yawancin kyamarori kuma murzawa uku ce. Rabin awar farko bayan fitowar rana za ka iya samun kanka a f/6.3, 1/1600, ISO 1600 ko 3200, kuma ba laifi. Rana tsantsa ba hazo, f/8 da ISO 400 da 1/1600 suna ba da haske daidai ga tsuntsu mai launin toka ko ƙasa-ƙasa.

Farin gashi da awon haske

A nan hotuna da yawa ke lalacewa, domin yawancin tsuntsayen da muke magana a kai farare ne. Kyamara tana auna hasken duk abin da ta gani ta nemi tsaka-tsaki. Balbela ta gifta gaban duhun giyayya, kyamara ta ga duhu ta ƙara haske, balbela ta ƙone ta zama farin tabo ba alamar gashi ko ɗaya. Dinya ta hau sararin sama mai hazo, kyamara ta ga fari ta rage, dinya ta zama baƙar inuwa. Tsuntsu ɗaya yana iya ratsa ruwa da itatuwa da sama cikin sakan biyu, alhali hasken da ke kansa bai canza ba.

Maganin shi ne ka kulle komai da hannunka, har da ISO. Shiga menu ka kunna gargaɗin ƙonewa, wanda ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa walƙiya a allo, ko zanen layi-layi a kyamarori marasa madubi. Nemi farin abu da rana ke haskawa kamar yadda za ta haska tsuntsun: balbela a zaune, ko farar rigar wani da ya ba ka izini. Ɗauka, ka riƙa ƙara ISO har wurin ya fara walƙiya, sannan ka koma baya murzawa ɗaya. Ka samu awonka. A rana tsantsa zai faɗo wajen f/8, ISO 400, 1/2500. Baƙin tsuntsu ya zo, ƙara mataki ɗaya. Da safe haske na ƙaruwa da sauri, saboda haka sake wannan gwaji duk minti goma ko sha biyar.

Ranar da gajimare ke rufe rana yana buɗewa, kullewar ba ta yiwuwa. Bar kyamara a M, sa ISO ya zaɓi kansa, ka yi masa iyaka a 6400, ko 3200 in tsohuwar kyamara ce. Sai ka riƙa gyara da maɓallin +/-: ƙarin mataki ɗaya zuwa ɗaya da rabi in tsuntsu na gaban farin sama, ragi ɗaya in fari ne a gaban duhu.

A cikin nau'in fayil ɗin hoto zaɓi RAW. Yana riƙe bayanin farin gashi da JPEG ke zubarwa, kuma da shi za ka cire rawaya-rawayar da hunturu ke sa wa hoto. Launin haske ka bar shi a alamar rana.

Fokas

Fokas shi ne wurin da kyamara ta kama ya fito tas. Sa kyamara a fokas mai bin motsi. Nikon, Sony da Fujifilm suna rubuta AF-C, Canon kuma AI Servo ko Servo AF. In ka bar ta a AF-S ko One Shot, za ta kama inda tsuntsu yake lokacin da ka taɓa maɓalli, kafin ka ɗauka ya bar wurin.

Na biyu, faɗin wurin kamawa. Tsuntsu a sararin sama ba komai a bayansa, yi amfani da yanki mai faɗi, domin babu abin da zai ruɗi kyamara. Yana ƙasa-ƙasa, ciyawa ko igiyar ruwa na bayansa, koma ƙaramin rukuni na tsakiya, in ba haka ba kyamara za ta bar shi ta kama ciyawa. Ɗigo ɗaya tak yana da wuyar riƙewa a kan abu mai gudu. In kyamararka ta zamani ce mai gane tsuntsu da idonsa, kunna wannan, amma ka ajiye ƙaramin rukunin a wani maɓalli saboda lokacin da ta ruɗe.

Akwai saitin da ke faɗa wa kyamara ta yi saurin sakin abin da ta kama ko ta yi jinkiri. Karkata shi wajen jinkiri. Da haka in wani tsuntsu ko sandar masunci ta gifta, ba za ta saki naka ba.

Duba gefen lensi, akwai ɗan makunnin da ke taƙaita nisa. A 200-500 na Nikon an rubuta FULL da ∞-6m, a 150-600 na Sigma akwai 10m-∞. Sa shi a na nesa, lensi ya daina ɓata lokaci yana lalube a gaban ƙafarka. Makunnin rage girgiza kuma, wato IS ko VR ko OS, sa shi a lamba 2 ko Sport domin bin abu a kwance.

Da yawan masu wannan sana'a suna raba fokas da maɓallin ɗauka, su mayar da shi kan AF-ON da ke baya. Babban yatsa na bin tsuntsu, manuni na ɗauka. Kwana biyu hannu ke yi ya saba, bayan nan ba ka son komawa.

Kafin tsuntsu ya zo, kama wani abu da ke daidai nisan da kake sa ran zai bi, kwalekwale ko kututture. In lensi na kan mita biyar tsuntsu na mita arba'in, ko ganinsa ba za ka yi ba ta tagar leƙe. In fokas ya kuɓuce ya tafi baya, kada ka ci gaba da dannawa: saki, daidaita tsuntsun a tsakiya, sake dannawa.

Riƙo da bi

Buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka fuskanci inda kake son ɗaukar hoton, sannan ka murɗa ƙugu zuwa inda tsuntsun ke tahowa. Hannun hagu a ƙarƙashin lensi can gaba, gwiwar hannu kusa da haƙarƙari, kyamara manne da gira. Ƙugu ke juyawa, hannu yana nan yadda yake. Kafa ido a kan tsuntsun tun yana nesa, ka ɗago kyamara zuwa idonka ba tare da ka sunkuyar da kai ba. In ka kasa samunsa, rage zuwa 300, kama shi, sannan ka zuƙo.

Sa ɗauka a jere, hoto 10 zuwa 20 a sakan in kyamara na iyawa. Amma kada ka fara tun yana ɗigo. Bi shi da fokas, sai ya cika kamar sulusin hoto sannan ka saki biyar ko takwas, ka ɗaga, ka sake. Wanda ya danne tun daga nesa, ma'ajiyar kyamara za ta cika ta tsaya tana rubutu a kati daidai lokacin da tsuntsu ya iso. Bayan ɗauka ci gaba da juyawa, tsayawa kwatsam na ɓata hoton ƙarshe. Bar fili a gaban bakinsa fiye da bayansa, ka kuma bar wa fikafikai wuri, domin suna buɗewa fiye da zato.

Tsuntsu yana ba da alama kafin ya tashi: ya miƙe wuya, ya juya ya fuskanci iska, sau da yawa ya yi kashi, ya ɗan durƙusa. Kwasakwasa sai ya yi gudu a kan ruwa yana dukansa da ƙafa biyu kafin ya ɗaga. A tsibiran yashi na Shari da Logon da Binuwai akwai wanda ake kira bec-en-ciseaux da Faransanci, baƙin baya, farin ciki, jan baki, leɓen ƙasa ya fi na sama tsawo. Da asuba ko dab da magariba yakan bi fuskar ruwa yana tsaga ta da leɓen ƙasa, siririn layi na bin sa a baya, da ya taɓa kifi sai kai ya lanƙwashe bakin ya rufe. Yakan juyo ya sake bin layin da ya tsaga. In na farko ya wuce ka, zauna ƙasa daidai fuskar ruwa ka jira dawowarsa, da 1/2000 da ƙofa a buɗe.

Ba sai ka je kogi za ka koyi wannan ba. Shirwa a saman mahauta, tantabarun unguwa, da balbelun da ke komawa makwanci da yamma sun isa horo.

Mutane, ruwa da sheƙa

Ka isa gaɓa, gai da masunta, ka ce "Baba, sannu da aiki", ka faɗi abin da ya kawo ka. A ƙauye fara da gidan jauro ko bulama. Inda mata ke wanka ko wanki, sunkuyar da lensi ƙasa har ka wuce. Kada ka nufi gada, madatsa, bariki ko shingen jami'an tsaro da kyamara ba da izini ba, balle a bakin iyaka kamar tsakanin Kuseri da Njamena. Ɓangaren Tafkin Chadi da kewayen gandun dajin Waza kuwa, a tambayi hukuma halin tsaro kafin a kama hanya.

A kwalekwale sa rigar hana nutsewa, ka zauna, kyamara a cikin leda mai kauri sai lokacin ɗauka. In mai inji ne kada ka jingina lensi a jikinsa, girgizar na shiga hoto. Ninka saurin ƙyaftawa. Mai tuƙi ya ce akwai dorina a wuri, maganarsa ce ta ƙarshe.

Kada ka kori tsuntsu ko ka sa yara su yi jifa domin ya tashi. Hoton ma ba ya kyau, bayansa za ka samu. Da rani wasu a kan yashi tsirara suke ƙwai, cikin ɗan rami, launinsa ya saje da ƙasa. In ka ga tsuntsu na kewaya kanka yana kuka, ka yi kusa da sheƙa, ja da baya nan take. A zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, ƙwan da uwa ta bari a rana ba ya daɗewa.

In hoto bai yi ba

Zuƙo hoton a allo har iyaka ka dubi ido. Komai ya goge ta gefe ɗaya, saurin ƙyaftawa ya yi kaɗan ko hannu ya yi rawa. Ciyawar baya ta fito tas tsuntsu dishi-dishi, fokas ne ya zame, rage faɗin wurin kamawa. Babu inda ya fito tas ko kaɗan, gefunan abubuwa kamar suna narkewa, kawalwalniya ce. Fiffike ya lanƙwashe ta hanyar da ba ta dace ba ko itatuwan baya sun karkace, ƙyaftawar lantarki maras ƙara ce ta jawo, koma ta inji. Ƙarshen fiffike kaɗai ya ɗan goge, ka bar shi, yana nuna motsi.

Baƙaƙen ɗigo a wuri ɗaya cikin kowane hoto ƙurar sensa ce, kuma da hunturu ba a tsira daga gare ta. Kada ka canza lensi a fili. Yi a ɗaki ko cikin mota, bakin kyamara na kallon ƙasa. Ka dawo gida, fara hure ƙura da famfon roba kafin ƙyalle ya taɓa gilashi, domin ƙurar tana da ƙwayar yashi mai karce. Don gwada sensa, sa f/16 ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ɗigon za su fito fili. Hure ta da famfon, ban da baki, ban da bakin riga. Wanda ya ƙi fita bayan hurawa biyu ko uku, kai wa mai gyaran kyamara.